Mage a gidan haya da dokar wata uku: muhawarar 'yan uwa mazauna New York

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kuma da gaggawa. A Bronx nake, a wani bene mai hawa shida, irin gidajen nan da hukuma ke ƙayyade ƙarin kuɗin hayarsu. Tun watan Janairu na kawo mage gida, saboda ɓeraye sun hana mu sakat, har cikin buhun shinkafa suke shiga. Na kai ƙorafi, mai feshi ya zo ya tafi, babu abin da ya canza. Tun da magen nan ta shigo ko kashin ɓera ban sake gani ba. To jiya na dawo daga aiki na tarar da takarda daga kamfanin da ya sayi ginin bara, wai na karya sharaɗin hana ajiye dabba, an ba ni kwana 10 in fitar da ita ko a soke hayata. Ga shi yau muna cikin Yuli. Na duba takardar hayar, lallai sharaɗin yana ciki, kuma da hannuna na sa. Yarana sun shaƙu da ita sosai, amma ba zan rasa muhalli a kan mage ba. Yaya zan yi?

Kawu Direba:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, gida a garin nan ba abin wasa ba ne. Ki ba da ita kawai a huta. In kuma yara ba za su iya haƙura ba, ki kai ta wajen wata 'yar uwa na mako biyu ko uku, su zo su duba su ga babu, ƙura ta lafa, sannan ki dawo da abarki a ɓoye.

Anti Tafinta:
Kawu, ku yi haƙuri, amma shawararku ta biyu ita ce za ta iya jefa ta cikin matsala. Maman Ilham, kada ki fitar da magen nan, kada ki ɓoye ta, sai kin ga lauya.

Ni ba lauya ba ce, aikin tafinta nake yi, kuma ya sha kai ni kotun gidaje da ke kan Grand Concourse. Birnin New York yana da doka tun 1983, zamanin magajin gari Ed Koch, tana sashe na 27-2009.1 na kundin dokokin birni. Abin da ta ce shi ne: idan ɗan haya ya ajiye dabbar gida a fili, ba a ɓoye ba, har tsawon wata uku, kuma mai gida ko wakilinsa ya sani, amma bai shigar da ƙara a cikin wata ukun nan ba, to sharaɗin hana dabba ya faɗi. Ana ɗauka ya yafe shi. Ko da takardar haya ta ce shirun mai gida ba yafewa ba ne, wannan rubutun ba ya aiki, don dokar da kanta ta haramta a tauye wa ɗan haya wannan haƙƙin.

Ina da tambaya biyu. Akwai wani ma'aikacin ginin da ya taɓa ganin magen? Yaushe? Sannan takardar da aka kawo miki, daga kotu take da lambar shari'a da ranar zama, ko daga kamfani ce kawai?

Maman Ilham:
Anti, sufa, wato ma'aikacin da ke kula da ginin, ya gan ta tun Fabrairu, lokacin da ya zo gyaran bututun ɗumama ɗaki. Har ya tambayi Ilham sunanta. Mai feshi ma yana ganinta duk zuwansa, kuma kaskon yashinta yana nan a banɗaki kowa na gani. Takardar kuwa tambarin kamfani ne a kai da sa hannun lauyansu, ban ga sunan kotu ba.

Anti Tafinta:
Alhamdu lillahi. To ki saurara. Ganin sufa, ganin mai gida ne. An yi wannan shari'ar a 2001, tsakanin kamfanin gidajen Seward Park da ke Manhattan da wasu mazauna ginin da suka ajiye kare. Kamfanin ya ce manajansa bai san da karen ba sai daga baya, don haka daga ranar da manaja ya sani za a fara ƙirga. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a'a, masu gadi da masu gyare-gyaren ginin suna ganin karen yana shiga yana fita, saninsu ya wadatar. Kuma a wannan shari'ar aka jaddada cewa aika takardar gargaɗi ba shigar da ƙara ba ne. Gargaɗi ba ya tsayar da lissafin kwanaki, ƙara a gaban kotu ce kaɗai ke tsayar da shi.

Idan sufa ya gan ta a Fabrairu, wata uku sun cika tun Mayu. Su kuma sai Yuli suka aiko da gargaɗi, ba ma ƙara ba.

Shi ya sa na ce kada ki ɓoye ta. Kariyarki gaba ɗaya ta rataya ne a kan cewa a fili kika ajiye ta. Ranar da kika fitar da ita kika ce musu babu, kin ba su hujjar cewa kin amince da laifi kin gyara, kuma in ta dawo za su ce lissafi ya koma farko.

Ɗan Maraɗi:
Anti, amma mussa ba kare ba ce da ake jan shi a titi kowa ya gani. Tana cikin ɗaki dare da rana. Ta yaya za a ce a fili take?

Anti Tafinta:
Kotuna sun duba wannan. Doka ba ta ce sai ka yi yawo da dabba a harabar gini ba. Abin da ake nema shi ne ka riƙe ta yadda ake riƙe irinta, ba ka kulle ta a kabad idan an ƙwanƙwasa ƙofa. An taɓa yanke hukunci a kan kyanwoyin da ba sa fita ko ƙofa, aka ce tunda ma'aikata sun shiga gyara sun ga kaskon yashi da kwanon abinci, ai an sani.

Alhaji Mai Gida Uku:
Ni fa wannan doka ba ta kwanta mini ba, kuma zan faɗi gaskiyata. Na yi shekaru ina tuƙin tasi kafin Allah ya ba ni ikon sayen ɗan gidan da nake ciki, ni a ƙasa, 'yan haya biyu a sama. Mutum ya zo ka karanta masa sharaɗi, ya ce ya ji ya yarda, ya sa hannu. Sai ya karya, kai kuma don kara da kunya ka ɗaga masa ƙafa. Sai a ce haƙurinka ya zama laifi, haƙƙinka ya tafi? Ashe dokar tana koya wa masu gida rashin mutunci ke nan, ka ga abu yau, gobe ka garzaya kotu. Maman Ilham, ba da ke nake ba, Allah ya fitar da ke. Amma alƙawari kaya ne.

Maman Ilham:
Baba Alhaji, maganarku gaskiya ce, kuma ita ce ta hana ni barci jiya. Na sa hannu. Sai dai shi ma mai ginin ya sa hannu cewa zai ba ni gida mai tsafta, kuma ɓera ne ya kore ni zuwa neman mage.

Anti Tafinta:
Alhaji, ranku ya daɗe, ba don irinku aka yi dokar ba, kodayake ta shafe ku. Majalisar birni ta rubuta dalilinta a farkon dokar. Manyan masu gine-gine sukan ga ɗan haya da karensa ko kyanwarsa shekara da shekaru ba su ce uffan ba. Ranar da ya fara neman a gyara masa rufi, ko suka ga in ya tashi za su sa wani a kuɗi mai yawa, sai su tuna da sharaɗin dabba. Ba dabbar ce ta dame su ba, ɗakin suke so. A gidajen da aka ƙayyade hayarsu kuwa dole ne a sabunta wa ɗan haya takardarsa, ba a korarsa haka kawai, sai an nemo masa laifi. Tsofaffi da yawa da ke zaune su kaɗai da dabbarsu haka aka riƙa yi musu. Ku duba batun Maman Ilham: sabon kamfani, tsohuwar 'yar haya mai biyan kuɗi kaɗan, wata biyar ana ganin mage ba a tanka ba. Ni dai ina zargin ba mage ake nema ba.

Malam Na-Masallaci:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma ina so in ce wani abu a kan maganar Alhaji, don ta taɓa addini. Gaskiya ne Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ƙulla, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya sa hannu yana da niyyar karyawa ba. Wanda zai kawo dabba, ya fara neman izini, shi ne mutunci.

Amma Alhaji, batun cewa shirun mai haƙƙi yana iya zubar da haƙƙinsa ba baƙon abu ba ne a wajenmu. A fiƙihun Malikiyya akwai hauzi. A cikin Risala, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, an ce wanda ya riƙe gida shekara 10 ana danganta shi gare shi, alhali mai da'awa yana gari, ya sani, bai ce komai ba, to ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Har yau kotunan shari'a a Kano da Sakkwato suna aiki da wannan a rikicin gona da gida, tsakanin dangi ma wa'adin ya fi tsawo saboda an san akwai kara. Ku dubi sharuɗɗan: riƙo a bayyane, sanin mai haƙƙi, da shirunsa ba tare da wani abu ya hana shi magana ba. Su ne dai sharuɗɗa ukun da Anti ta lissafa. Hikimar ita ce kada mutum ya ajiye haƙƙinsa a aljihu ya mai da shi makami, sai ranar da ya ga dama ya zaro.

Ban ce hukuncin ɗaya ne ba, wata uku da shekara 10 akwai tazara. Amma wanda ya ba da haya a garin nan a kan dokar garin ya bayar, kuma wannan wa'adin yana cikin yarjejeniyar ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Don haka Maman Ilham ba ta ci amanar kowa ba idan ta kare kanta da shi. Ita kuwa mage, hadisi ya tabbata cewa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu. Abin da ke wuyan mai ita shi ne ci da sha da tsafta.

Alhaji Mai Gida Uku:
Allah ya gafarta Malam, na ji batun hauzi kuma na karɓa. Amma ku da kanku kun ce tsakanin dangi ana tsawaita wa'adi saboda kara. Nan kuwa babu wannan. Wata uku ga wanda ke zaune gida ɗaya da ɗan hayarsa, suna gaisawa safe da yamma, ya yi kaɗan ƙwarai. A nan nake ganin an zalunci ƙananan masu gida.

Malam Na-Masallaci:
A wannan kam ina tare da ku, Alhaji. Da an bambanta kamfani mai ɗaki dubu da mutum mai ɗaki uku, da ya fi adalci.

Hajiya ta Yonkers:
Mu da ke wajen birni fa? Ko dokar iyakarta unguwanni biyar ɗin nan na birnin New York?

Anti Tafinta:
Hajiya, gundumar Westchester tana da tata mai kama da wannan, ita ma wata uku, kuma Yonkers da Mount Vernon da New Rochelle duk a ciki suke. Amma kada 'yan uwanmu na Newark ko Philadelphia su karanta wannan su ɗauka ta shafe su. Dokar birni ce, ba ta Amurka duka ba.

A cikin birnin ma ba kowane gida ba. Sai ginin da ke da iyali uku zuwa sama. Mai haya a gida mai sashe biyu ba shi da wannan kariyar. Gidajen gwamnati na NYCHA ma an cire su, suna da tsarinsu daban: kare ɗaya ko mage ɗaya, a yi masa rajista, kuma akwai iyakar nauyi da nau'in karnukan da aka hana.

Yaya na Parkchester:
To mu da muka sayi namu a kondo, wato ginin da kowa ya mallaki sashensa, hukumar ginin ta hana kare? Maƙwabcina yana da shi ya fi shekara.

Anti Tafinta:
Yaya, naku ne ma ya fi rikitarwa, don kotunan ɗaukaka ƙara biyu sun saɓa. Wadda ke kula da Brooklyn da Queens da Staten Island ta ce a 1994 dokar ta shafi masu kondo. Wadda ke kula da Manhattan da Bronx ta ce a 1996 ba ta shafe su ba, tunda mai kondo mamallaki ne, ba takardar haya ke tsakaninsa da hukumar gini ba. Kuma wannan shari'ar ta 1996 daga Parkchester ɗinku ta fito. Gidajen haɗin gwiwa kuwa, waɗanda ake sayen hannun jari a ba ka takardar zama, dokar ta shafe su.

Ɗiyar Zango a Toronto:
Ikon Allah. Mu nan Ontario ba a ma wannan lissafin. Dokar haya ta 2006 ta ce sharaɗin hana dabba a takardar haya banza ne tun daga farko. Sai dai in dabbar tana ɓarna, ko tana damun mutane, ko wani yana rashin lafiya saboda ita.

Ɗan Maraɗi:
Anti, wata tambaya. Tunda an yafe, ke nan gobe Maman Ilham tana iya ƙaro ta biyu? Kuma ni kaina na taɓa tunanin in sayo ragon layya da wuri in ɗaure a bayan gida, in sufa ya gani bai yi magana ba shi ke nan?

Anti Tafinta:
A'a, duka biyun. Kotun da ke sauraron ɗaukaka ƙarar Manhattan da Bronx ta yanke a 1996 cewa yafewar ta dabbar da ake magana a kanta ce kaɗai. In an ƙaro wata, ko wannan ta mutu aka kawo madadinta, sabon wata uku ya fara, kuma wannan karon mai gida ba zai yi barci ba.

Rago kuwa ba ya cikin maganar sam. Dokar lafiya ta birni ta hana ajiye tumaki da awaki a gida, har da zakara da agwagwa. Abin da hukuma ta haramta, shirun sufa ba ya halatta shi. Ka ci gaba da yanka a mayanka ko gonakin da ake zuwa.

Akwai kuma abin da nake so kowa ya riƙe. Wata uku ba sa kare dabbar da ke ɓarna. In tana lalata gini, ko wari ya cika baranda, ko kare yana haushi cikin dare ko ya ciji wani, mai gida yana da damar kai ƙara ko bayan shekara nawa ne.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu me zan fara yi? Kwana 10 ɗin nan suna tafiya.

Anti Tafinta:
Gobe da safe ki kira 311, lambar wayar hukumar birni, ki ce kina son layin taimakon 'yan haya, ko ki je Legal Aid Society ko Legal Services NYC, ƙungiyoyin lauyoyi masu taimakon marasa ƙarfi. Tun 2017 birni ya ba masu ƙaramin ƙarfi haƙƙin samun lauya kyauta a shari'ar tashi daga gida. Ki nemi tafintan Hausa in kina so, haƙƙinki ne a kotu.

Kafin ki je, ki tara hujja. Hotunan magen da ke wayarki masu kwanan wata, takardar likitan dabbobi ta allurar rigakafi, rasit ɗin abincinta, saƙon da kika tura wa sufa lokacin gyaran bututu, da ƙorafin ɓeraye in a rubuce kika yi. Ki rubuta ranar da ya shigo da abin da ya ce tun kina tunawa. In akwai maƙwabciyar da za ta ba da shaida, ki yi mata magana. Sufa ma'aikacinsu ne, kada ki dogara cewa zai tsaya miki.

Ki ci gaba da biyan haya a kan lokaci. Kada ki sa hannu a kowace takarda da za su kawo, kada ki yi musu alƙawarin baki cewa za ki fitar da ita. In takardar kotu ta zo, ki je ranar zama ko me kike yi, don rashin zuwa ne ke kayar da mutanenmu. Kuma ki kwantar da hankalinki: kwana 10 ba ya nufin a kwana na 11 za a watsar miki da kaya. Babu mai fitar da ke sai da umarnin alƙali. Ko da an yi shari'a kin faɗi, tun gyaran dokar haya na 2019 kotu tana ba da kwana 30 a gyara abin da aka karya kafin maganar tashi.

Alhaji Mai Gida Uku:
To Anti, tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ya sa na yi zafi. Ɗan hayana na hawa na biyu ya kawo kare, babba. Tsakiyar Mayu na fara ganinsa a matakala. Matakala ɗaya muke bi, nan nake wucewa da alwala zuwa masallaci, jikokina kuma tsoronsa suke ji. Na yi masa magana sau da yawa, ya ce na ɗan'uwansa ne za a zo a ɗauka. Takardar hayarmu ta hana. Ina matsayina?

Anti Tafinta:
Alhaji, gidanku iyali uku ne, dokar ta hau kanku, kuma da idonku kuka gani. Lissafinku zai cika tsakiyar Agusta. Maganar baki da saƙon waya ba sa tsayar da shi. Alƙawarin da ya yi na cewa za a ɗauke karen yana iya taimaka muku a gaban alƙali in kuna da shi a rubuce, amma kada ku jingina da shi. Kafin a shigar da ƙara sai an ba shi takardar gargaɗi, wa'adinta ya cika, a ba shi ta soke haya, ita ma ta cika, kuma waɗannan kaɗai suna cin makonni. In da gaske kuke, cikin makon nan za ku ga lauya. Ku sani kuma, in ya kawo takardar likita cewa karen na taimaka masa ne saboda wata lalura, magana ta koma ƙarƙashin dokar hana wariya, sharaɗin hana dabba ba ya aiki a nan.

Alhaji Mai Gida Uku:
Ni ban taɓa kai mutum kotu ba, kuma ba na so in fara da wanda ke kwana a saman kaina. In na bar Agusta ta wuce, shi ke nan na zauna da kare har abada?

Anti Tafinta:
A'a. Ku ba kamar kamfanin Maman Ilham ba ne. Gidanku ba ya cikin waɗanda aka ƙayyade hayarsu, kuma dokar 2024 da ta hana ƙin sabunta haya ba tare da dalili ba ta cire ƙananan gidajen da mai su ke zaune a ciki. In wa'adin takardarsa ya ƙare kuna iya ƙin sabuntawa, muddin kun sanar da shi a rubuce: kwana 30 in bai shekara ba, 60 in yana tsakanin shekara ɗaya da biyu, 90 in ya haura biyu. Yaushe takardar tasa za ta ƙare, kuma tun yaushe yake gidan?

Alhaji Mai Gida Uku:
Ƙarshen Disamba. Wannan ce shekararsa ta uku.

Anti Tafinta:
To kwana 90 ne. In wannan hanyar kuka zaɓa, sanarwar ta isa hannunsa kafin ƙarshen Satumba, kuma lauya ya rubuta ta, ku ajiye shaidar cewa ya karɓa.